Ƙwayar Annobar Ɓera da Danginta: Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Wace ƙwaya ce ke haddasa wannan annoba?

Yersinia pestis ce, wadda Alexandre Yersin ya gano a Hong Kong a shekarar 1894.

Ai cutar Turai ce, me ya haɗa ta da mu mazauna Legas?

Malam, daina faɗin haka. Ta ɓarke a nan Legas a 1924, ta ɗauki shekaru tana kisa, kuma ita ce dalilin rushe unguwar Oko Awo. Ko a 2017 ta yi ɓarna a Madagaska.

Da gaske ne tana da 'yar'uwa mai sa ciwon ciki kawai?

Ƙwarai kuwa, sai dai uwa ce. Daga jikin Yersinia pseudotuberculosis, wadda ake ɗauka ta gurɓataccen abinci ko ruwa, Yersinia pestis ta ɓalle shekaru dubbai kaɗan da suka shige, kuma har yau ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne. Bambancin shi ne pestis ta samu ƙarin plasmid biyu, wato ƙananan zobban ƙwayoyin gado, ɗaya na taimaka mata rayuwa a cikin ƙuma, ɗaya kuma na buɗe mata hanyar yaɗuwa daga wurin cizon ƙumar, sannan wasu ƙwayoyin gadon da ta gada suka daina aiki.

Idan sakamakon gwaji ya ce pseudotuberculosis ce, in kwantar da hankali?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, kuma ba ta da amsa ɗaya. Galibi sakamakon daidai ne, musamman idan ciwon ciki ne da zawo. Amma saboda kusancin nan, na'urorin tantancewa sun sha kiran pestis da sunan uwarta. Saboda haka idan zazzaɓin mai zafi ne, ga kaluluwa ta kumbura a hammata ko matsematsi, ko ana tari da jini, kuma mutum ya dawo daga Madagaska ko gabashin Kwango, ko ya taɓa mataccen ɓera, to takardar nan kaɗai ba ta isa ba. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai duba ko ƙwayar tana motsi da ko tana narkar da yuriya (sinadarin da ke cikin fitsari), domin pestis ba ta yin ko ɗaya, sannan a tabbatar da gwajin PCR, mai duba ƙwayoyin gado. Likita kuwa ba ya jiran wannan kafin ya fara magani. Cutar tana warkewa idan aka kama ta da wuri, don Allah a bar zuwa kemis ana sayen kafso.

Yersinia enterocolitica fa?

Dangi ce ta nesa. Ita ma ta abinci ake ɗaukarta, don haka a dafa nama sosai, a tafasa madara.