Waiwaye: Asalin Dokar Taƙaita Dubiya a Asibiti Lokacin Ɓarkewar Mura

Duk lokacin da mura mai tsanani ta ɓarke, sanarwar da asibitoci ke liƙawa a bakin ƙofa kusan iri ɗaya ce: mutum biyu kacal za su shiga wurin mara lafiya a lokaci guda, kada a zo da ƙananan yara, mai tari ko zazzaɓi kuma ya haƙura da dubiya sai ya warke. Waɗannan sharuɗɗa sun samo asali ne daga taƙaddamar da aka shafe fiye da shekara 150 ana yi kan wane ne ke kawo cuta cikin asibiti.

Amsar farko da aka samu ba ta yi wa likitoci daɗi ba. A 1847, wani likita ɗan ƙasar Hungari mai suna Ignaz Semmelweis, wanda ke aiki a babban asibitin Biyana, babban birnin Ostiriya, ya lura cewa masu jego sun fi mutuwa a ɗakin da likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa bayan sun fito daga binciken gawa. Da ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka sauko daga kusan kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu zuwa kimanin kashi 2 cikin 'yan watanni. Ke nan cutar a hannun ma'aikata take yawo. Sai dai bayan an yarda da samuwar ƙwayoyin cuta, zargin ya fi karkata ga masu shigowa daga waje, watakila domin rufe ƙofa ya fi sauya halin ma'aikaci sauƙi.

Annobar murar 1918, wadda aka ƙiyasta ta kama mutum miliyan 500 ta kuma kashe aƙalla miliyan 50, ta ƙara ƙarfafa wannan ra'ayi. A lokacin babu allurar riga-kafi, babu magani, ƙwayar bairos ɗin da ke haddasa murar ɗan Adam ma sai a 1933 aka gano ta a Landan, don haka raba mutane da juna shi ne makamin da ya rage.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar tsarin su ne yara. A asibitoci da dama na Birtaniya, har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, iyaye kan ga ɗansu da aka kwantar sau ɗaya a mako ko ma ƙasa da haka, bisa hujjar cewa suna shigo da cuta, kuma yaron yana ɓarkewa da kuka idan sun tafi. Aka riƙa ɗaukar yaron da ya yi jugum a kan gado a matsayin wanda ya saba da wurin, alhali ya fid da rai ne daga ganin mahaifiyarsa. Masu nazarin halayyar yara irin su John Bowlby da James Robertson suka nuna illar wannan rabuwa, sannan a 1959 rahoton kwamitin Platt, wanda ya binciki walwalar yara a asibitocin Birtaniya, ya ba da shawarar a bar iyaye su ziyarci 'ya'yansu ba tare da ƙayyade lokaci ba. Daga nan ƙofa ta soma buɗewa sannu a hankali.

Cutar SARS, wata cutar numfashi mai tsanani, ita ce ta sake rufe ƙofar a 2003, musamman a Toronto ta Kanada, inda cutar ta fi yaɗuwa a cikin asibitoci aka kuma hana dubiya kusan baki ɗaya. Da murar H1N1 ta zo, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana a matsayin annoba ranar 11 ga Yuni, 2009, asibitoci da yawa a Amurka suka hana yara shiga dubiya, wasu 'yan ƙasa da shekara 12, wasu 'yan ƙasa da 18, kuma tun daga lokacin matakin ya zama abin da ake dawowa da shi kusan duk lokacin sanyi.

Hujjar tana cikin yanayin cutar kanta. Mura kan ɗauki kwana 1 zuwa 4 kafin ta bayyana, mai ɗauke da ita yana iya harbin wani tun kwana ɗaya kafin ya ji alamar komai har zuwa kwana 5 ko 7 bayan ta kwantar da shi, yara kuwa sukan daɗe fiye da haka suna yaɗa ta. Saboda haka mai dubiya na iya wuce na'urar auna zafin jiki lafiya lau, ya zauna a bakin gadon tsoho mai ciwon zuciya, ya riƙe masa hannu, ya yi atishawa sau ɗaya, ya tafi bai san abin da ya bari ba. Amma wannan hujjar ta hau kan ma'aikacin jinyar da ya zo aiki da ɗan ciwon kai, ya kuma zaga gado ashirin kafin ya tashi. A ganina nan ne raunin dokar yake idan aka bar ta ita kaɗai, ba tare da riga-kafin ma'aikata, da wanke hannu, da sanya takunkumi, da keɓe masu mura a ɗaki daban, da iska mai ratsa ɗakuna ba.

Annobar korona ta 2020 ta nuna iyakar rufewar gaba ɗaya: mutane sun rasu ba kowa nasu a kusa, an yi bankwana ta wayar bidiyo, masu ciwon mantuwa sun rasa wanda zai ba su abinci ko ya yi magana a madadinsu. Wannan ya sa yawancin ƙa'idojin yanzu ke bambanta mai dubiya da mai kula da mara lafiya, suna ware mahaifin yaro, da mai rakiyar mace mai naƙuda, da dangin wanda ke gargarar mutuwa daga haramcin. A Ingila, tun daga Afrilun 2024, doka ta wajabta wa asibitoci da gidajen kula da tsofaffi su ba da damar ziyara, ba za su hana ba sai a yanayi na musamman.