Cire tamostat ba ya maganin zafin inji

Don Allah masu tsofaffin akori-kura, Hilux ko Peugeot 504, mu daina yarda da maganar nan ta wai tamostat na ƙasashen sanyi ne, da mota ta fara zafi sai bakanike ya cire shi ya jefar. Wallahi abin yana damuna.

Shi fa ɗan bawul ne kawai, yana tare ruwa har inji ya ɗumama, a yawancin Toyota wajen digiri 82 yake buɗewa ruwa ya wuce lagireto. In ka cire shi injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba musamman da asuba lokacin hunturu, ga shan mai ga ringi da fistin suna cinyewa, a wasu injinan ma ruwan sai ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya bai shiga lagireto sosai ba, zafin ya ƙaru.

Zafin yawanci daga toshewar lagireto ne, ko murfinsa, ko fanka, ko famfon ruwa. In kuma tamostat ɗin ne ya maƙale, je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ka sayi sabo, kuɗinsa bai kai na gyaran gasket ba, wato shimfiɗar kan inji da zafi ke ƙonawa. Jefa sabon a tafasasshen ruwa ka ga ya buɗe kafin a ɗaura.