Sunan Kwamfuta a Hanyar Sadarwa

Sunan kwamfuta, wanda masu wannan sana'a ke kira hostname, laƙabi ne da ake ba na'ura don a bambanta ta da sauran da ke kan hanyar sadarwa ɗaya. An fi kula da shi a kan uwar garke, wato kwamfutar da wasu ke dogaro da ita, tunda da sunan ake nemanta.

Asali

A zamanin ARPANET, hanyar sadarwar Amurka da ta haifi intanet, sunayen kwamfutoci duk a fayil guda suke, mai suna HOSTS.TXT. Cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya ce ke riƙe da shi tun wajen farkon shekarun 1970, ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Feinler. Duk mai son sabon suna sai ya sanar da cibiyar, a shigar, sannan kowace kwamfuta ta sauko da sabon kwafi. Da na'urori suka yi yawa sai abin ya fara gagara: fayil na ta kumbura, ga wani na aiki da kwafin da ya tsufa bai sani ba. A 1983 Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS, mai haɗa sunan kwamfuta da adireshinta, wanda ya rarraba aikin, kowace hukuma ta riƙe sunayen nata na'urorin. Tsohon fayil ɗin dai bai mutu ba, jikansa ne fayil ɗin /etc/hosts da ke cikin Linux, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta, har yau.

Takardar RFC 952 ta 1985, ɗaya daga cikin jerin takardun ƙa'idojin intanet, ta ƙayyade cewa suna ya ƙunshi haruffa da lambobi da karan ɗori, ya fara da harafi, kada kuma ya wuce haruffa 24. RFC 1123 ta 1989 ta sassauta, ta yarda a fara da lamba, tsawon kuma ya kai 63. A 1990 Don Libes ya rubuta RFC 1178 kan zaɓen suna, inda ya ba da shawarar kada a sa wa kwamfuta sunan mai ita ko na aikin da take yi, domin aiki na canzawa, suna kuwa yana da wuyar kankarewa.

Sauya suna

A Linux mai systemd, wato manhajar da ke tayar da ayyukan kwamfuta idan an kunna ta, umarnin hostnamectl set-hostname ne ke rubuta sabon suna a /etc/hostname, ya kuma fara aiki nan take. Tsohon umarnin hostname shi kaɗai na wucin gadi ne, da an kashe an kunna sai tsohon suna ya dawo. Inda aka fi tuntuɓe shi ne /etc/hosts. A Debian da Ubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, fayil ɗin na da layin da ya fara da 127.0.1.1, kuma idan aka bar tsohon suna a wurin, umarnin sudo, mai ba da ikon shugaban kwamfuta, kan riƙa ƙorafin bai gane kwamfutar ba. Red Hat, wani nau'in Linux, kafin fitowa ta 7 a 2014 a /etc/sysconfig/network take ajiye suna, FreeBSD kuma, wata babbar manhajar daban, a /etc/rc.conf.

A Windows Server ana amfani da umarnin Rename-Computer a PowerShell, wato manhajar rubuta umarni, sai an sake kunnawa, kuma sunan NetBIOS, wato na tsohon tsarin sunaye da Windows ke amfani da shi, ba ya wuce haruffa 15.

Sauya suna a kan kwamfuta ba lallai ne ya taɓa DNS ba; sau da yawa wannan gyara ne daban.

Saɓani

An rabu kan ko gajeren suna za a rubuta ko cikakke haɗe da sunan yanki (domain). Debian ta fi son gajere, Red Hat cikakke.