Waiwaye: Yadda Dusar Ƙanƙara Ta Fara Zuba a Bidiyon Bikin Bauchi

A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Bauchi ke hana mutum zama cikin ɗaki da rana, wata Hajiya ta shigo shagon da nake tace bidiyo da hotunan kamun 'yarta. Bayan mun gaisa ta miƙo mini wayarta ta ce, "Ɗana, ka ga wannan farin abin da ke zubowa a kan amaryar? Irinsa nake so a sa wa tawa." Dusar ƙanƙara ce ke sauka a hankali a kan wata amarya da ke zaune ƙarƙashin rumfa, gumi na tsattsafo mata a goshi, wata ƙawarta na yi mata fifita.

Ban yi dariya ba, don ni ma na sha zuba wa amare ƙanƙara, da furen wardi, da taurari. Sai dai bayan ta tafi na zauna ina tunanin doguwar hanyar da wannan ƙanƙara ta biyo kafin ta iso unguwar Wunti a nan Bauchi.

Abin da ake kira haɗin hoto, wato ɗora wani hoto a kan wani har ido ya ɗauka a wuri guda aka ɗauke su, ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1898 Bafaranshen nan mai rufa-ido, Georges Méliès, yana rufe wani sashe na hoton da baƙi, ya ɗauka, ya mayar da fim ɗin baya, ya sake ɗaukar sashen da ya bari. Da haka ya riƙa cire kansa yana ajiyewa a kan tebur 'yan kallo na salati. A 1940 Larry Butler ya fito da dabarar shuɗin bango, daga baya Petro Vlahos ya kyautata ta. Koren ƙyallen da muke ratayewa a situdiyo yau jikan wannan ne. An koma kore ne saboda kyamarar zamani ta fi kama launin kore da tsafta, kuma ya yi nisa da launin fatar mutum. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ɗan siyasa da koriyar babbar riga a gaban wannan ƙyalle ya san sauran labarin: kai da hula ne kawai ke rage a allo.

Rubutu da zane masu motsi su ma da tasu hanyar. Wani Ba'amurke, John Whitney, ya samo tsohuwar na'urar saita bindigar kakkaɓo jirage ta yaƙin duniya na biyu, ya mayar da ita abin juya zane. Da ita aka yi murɗaɗɗun layukan da ke buɗe fim ɗin Vertigo a 1958, tare da mai zane Saul Bass. A 1960 Whitney ya buɗe kamfani ya sa masa suna Motion Graphics, sunan da ya zame wa sana'ar baki ɗaya suna har gobe.

To amma akwai abin da ya gagari masu kwamfuta na farko. Kwamfuta ta iya zana abin da ke da iyaka da kusurwa: akwati, ƙwallo, mota, gini. Wuta fa? Ina gefen hayaƙi yake? Wa zai auna faɗin ƙura? Waɗannan abubuwa ba su da siffa guda, kuma ba su tsayawa ko na ƙiftawar ido. Mutumin da ya warware wannan ƙulli shi ne William Reeves, a sashen kwamfuta na kamfanin Lucasfilm, sashen da ya rikiɗe ya zama Pixar a 1986. An ba su aikin wani yanki na kusan minti guda a fim ɗin Star Trek II na 1982, inda katangar wuta za ta malale ta cinye wata matacciyar duniya. Reeves bai zana wutar ba. Ya ce a bar zancen siffa, a saki dubban ƙananan ɗigo, a ba kowane ɗigo lokacin haihuwa, da inda zai nufa, da saurinsa, da launinsa, da lokacin mutuwarsa, sannan a sa ɗan bambanci na kacici-kacici tsakaninsu don kada biyu su yi tafiya iri ɗaya. Idan suka taru, ido zai ga wuta. A 1983 ya wallafa bayanin dabarar, kuma tun daga nan ake kiranta tsarin ɓurɓushi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wannan tunani bai canza ba. Buɗe kowace manhaja yau, ko After Effects, ko Fusion, ko Blender, tambayoyin Reeves za ka tarar. Akwai maɓuɓɓuga, wurin da ɓurɓushin ke fitowa: ɗigo ɗaya ne, ko layi, ko akwati, ko jikin haruffan sunan ango. Akwai yawan da ake haifa a daƙiƙa. Akwai tsawon rai. Idan ka ce a saki 200 a kowace daƙiƙa, kowanne ya rayu daƙiƙa 4, to a kowane lokaci akwai kusan 800 a allonka, kuma tunda bidiyonmu firam 25 ne, wato hotuna 25, a daƙiƙa, sai kwamfuta ta lissafa mazaunin duk waɗanda ke allon sau 250 kafin ka samu daƙiƙa 10. Shi ya sa fankar laftof ke kuka, shi ya sa kuma ɗauke wuta a tsakiyar fitar da aiki ke sa edita zagin da bai yi niyya ba. Bayan waɗannan sai nauyi mai ja ƙasa, da iska mai turawa gefe, da hargitsin da ke sa abu ya riƙa lanƙwasa yana juyi kamar hayaƙin turaren wuta. Wannan hargitsi galibi daga lissafin Ken Perlin yake, wanda ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1980 don ya gaji da santsin hoton kwamfuta. Ka rage nauyi ka tsawaita rai, ka samu ƙura. Ka ƙara gudu ka gajarta rai ka sa ja da ruwan ɗorawa, ka samu tartsatsi. Ruwan sama, kumfa, ƙyallin zinare, duk uwa ɗaya uba ɗaya ne, lambobin ne kawai suka bambanta.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da ba a cika yaba masa ba. Kowane ɗigo na hoton kwamfuta yana ɗauke da lamba uku: ja, kore, shuɗi. A ƙarshen shekarun 1970 Ed Catmull da Alvy Ray Smith suka ƙara ta huɗu, wadda ake kira alfa, mai faɗin yadda ɗigon ke rufe abin da ke bayansa ko ya bari a hango shi. A 1984 Thomas Porter da Tom Duff suka tsara lissafin ɗora hoto a kan hoto da ita. Ba don wannan lamba ba, hayaƙin da ka ɗora zai zauna a fuskar mutum kamar an liƙa takarda.

Na tsawon shekaru duk wannan ya zauna a hannun masu hannu da shuni. Na'urar Quantel Paintbox ta Ingila, wadda ta fito a 1981, kuɗinta ɗaruruwan dubban daloli ne, manyan gidajen talabijin kawai ke iya taɓa ta. Manhajar Flame ta kamfanin Discreet Logic na Kanada, a farkon shekarun 1990, sai a kan kwamfutocin Silicon Graphics masu tsadar gaske take aiki. Ƙofar ta fara buɗewa a Janairun 1993, da wani ƙaramin kamfani mai suna CoSA a garin Providence na Amurka ya fitar da After Effects don kwamfutar tebur ta Macintosh. Kamfanin Aldus ya saye shi a wannan shekarar, Adobe kuma ya haɗiye Aldus a 1994. Daga baya wani ɗan Suwidin, Peder Norrby, ya rubuta Trapcode Particular, ƙarin da ake liƙa wa After Effects, kuma da yawa daga ƙyallin da kake gani a tallace-tallace da buɗe shirye-shirye tun wancan lokaci daga tukunyarsa ya fito.

A nan gida fa? Lokacin da Reeves ke ƙona duniyarsa, mu a Bauchi NTA muke jira ta buɗe da yamma. Da kyamarar kaset ta kafaɗa ta yawaita, ta kai ga haihuwar fim ɗin Hausa na bidiyo a Kano a 1990, abin da mai ɗaukar biki ya mallaka na ado bai wuce ƙaramar na'urar rubuta suna da mahaɗar hoto ba: hoto ya buɗe da siffar zuciya, ya rufe da siffar tauraro. Da kwamfutocin tebur suka shigo shaguna a shekarun 2000, sai manhajojin Pinnacle Studio da Ulead suka karɓi gari, sunan ango da amarya ya koma zinare yana juyawa kamar fanka, a ƙona a faifan CD a kai gidan biki. Siyasa ma ta taimaka. Tun dawowar mulkin farar hula a 1999, duk kakar zaɓe sai ta kawo aikin tambarin jam'iyya mai fashewa da haske da hoton ɗan takara na fitowa daga cikin gajimare, daga Bauchi har Gombe.

Yawancinmu ba a aji muka koya ba. A YouTube muka koya, da datar dare, muna tsayar da darussan Andrew Kramer na Video Copilot muna kwaikwayo maɓalli bayan maɓalli. Kamfanin nasa ya kuma sayar da tarin wuta da hayaƙi da fashewar da aka riga aka ɗauka, wanda ya bazu ko'ina, har ta kai mai ido zai iya gane fashewa guda ɗaya a finafinan ƙasashe daban-daban. A 2013 Adobe ya daina sayar da manhajojinsa kai tsaye, ya koma kuɗin wata-wata da dala. Ga wanda ake biya da naira, kuma a biya shi rabi a ce sauran sai bayan biki, ba sai na faɗi abin da hakan ya haifar ba. Kowa ya san inda ake samo kwafi. Wasu sun koma Blender, wadda ta zama kyauta tun 2002, wasu DaVinci Resolve, wadda Blackmagic ya saka wa Fusion a ciki a 2018. Mafi yawa kuwa waya suka koma. KineMaster, Alight Motion, CapCut: yaro a Gwallameji ko Tumfure zai danna sau biyu ya samu abin da a 1982 sai da ƙwararru suka yi watanni a kansa.

A nan ne ƙanƙarar Hajiya ta shigo. Abin da ya iso wayarmu ba tambayoyin Reeves ba ne, amsoshin wasu ne da aka riga aka dafa aka ƙulla a leda. Wanda ya shirya su yana zaune ne inda hunturu ke nufin dusar ƙanƙara, kaka ke nufin jajayen ganye na faɗowa, don haka yanayin garinsa ya zuba a ciki, mu kuma muka karɓa muna yayyafa wa amarenmu. Ban ce haramun ba ne. Ado ne, kuma mai biki ke da ikon kuɗinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne, ƙasar da muke zaune ta fi kowace arzikin ɓurɓushi, amma ba mu taɓa tsayawa mun kalle shi da idon sana'a ba.

Dubi hazon hunturu da iskar arewa maso gabas ke kwaso mana daga kwarin Bodele na Cadi. Ba ya faɗowa ƙasa kamar ƙanƙara, rataye yake a iska, ba ka ganin ƙwayarsa sai rana ta ratsa ta taga, kuma aikinsa na gaske shi ne cinye launin abin da ke nesa, har duwatsun bayan gari su zama toka-toka. Dubi ƙurar dawakai ranar Hawan Daushe: daga ƙarƙashin kofato take tashi a dunƙule, da ƙarfi, sannan ta rasa gudu ta buɗe ta yi laushi, wato maɓuɓɓugarta tafiya take yi, kuma haihuwarta bugu-bugu ce ba kwarara ba. Dubi mace na shiƙar gero. A faifai ɗaya abu biyu ke zubowa, tsaba mai nauyi ta miƙe ƙasa, ƙaiƙayi mara nauyi iska ta ɗauke shi gefe. Duk darasin nauyi da iska yana nan, kyauta. Tartsatsin maƙera kuwa, idan guduma ta sauka, fari yake fita, ya koma ruwan lemo, ya yi ja, ya mutu kafin ya yi daƙiƙa guda, wani ma ya rabe biyu a hanya. Wanda ya kalli wannan da kyau ba zai ƙara sa tartsatsi mai launi ɗaya da ke yawo a allo na daƙiƙa biyar ba.

Akwai ma dalilin kasuwa. Aikinmu a WhatsApp yake ƙarewa, shi kuma matse bidiyo yake yi, kuma babu abin da matsi ya tsana kamar dubban ƙananan abubuwa kowanne na tafiyarsa daban. Ka cika allo da ƙyalli, fuskar amaryar ce za ta biya, ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai.

Da wannan tunani na zauna kan aikin Hajiya. Na cire ƙanƙara, na yi kwana biyu ina gina hayaƙin turaren wuta siriri da ke tashi daga gefen amarya, da 'yar ƙura mai ruwan zinare da ke bayyana kawai inda hasken fitila ya ratsa. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya kalla ya ce, "Oga, wallahi wannan kamar gaske." Na ji daɗi ƙwarai.

Hajiya ta dawo ranar Asabar. Ta kalli bidiyon tun daga farko har ƙarshe, ta gyara mayafi, ta ce, "Ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma ɗana, ina ƙanƙarar?"

Minti uku ya ɗauke ni na mayar mata da ita.