Masu Kamun Ƙafa a Majalisar Dokokin Amurka

Mai kamun ƙafa a majalisa shi ne wanda ake biya domin ya shawo kan 'yan majalisa su kafa wata doka, ko su yi mata gyara, ko su binne ta. Wanda ya ɗauke shi aiki yana iya zama kamfani, ko ƙungiyar ƙwadago, ko jami'a, ko ma gwamnatin wata ƙasa. Sunan da ake kiran su da shi a Turance, wato lobbyist, ya samo asali ne daga lobby, zauren da ake tare 'yan majalisa a ciki kafin su shiga zama. A Amurka sana'a ce halastacciya, tana kuma kafa hujja da gyaran farko da aka yi wa tsarin mulki a 1791, wanda ya ba ɗan ƙasa 'yancin kai kokensa ga gwamnati.

Cibiyar harkar ita ce Washington, musamman titin K, wanda sunansa ya zame wa sana'ar laƙabi. Masu rajista sun haura 12,000, kuɗin da aka bayyana an kashe a 2023 kuma ya zarce dala biliyan 4. Kamfanonin magunguna ne suka daɗe a sahun gaba.

Mutane da yawa suna zaton jakar kuɗi ake kai wa ɗan majalisa. Hakan cin hanci ne, doka ta hana. Babbar hajar mai kamun ƙafa ita ce sanin makamar aiki da kuma samun ƙofa. Ɗan majalisa yana da ƙudurori barkatai a gabansa, ma'aikatansa galibi matasa ne, lokaci kuma ya yi kaɗan. Sai ga mutum ya shigo ofis da takarda shafi biyu, ya warware matsalar dalla-dalla, ya nuna guraben aikin da za a rasa a mazaɓar mai gidan, har ma ya miƙa sakin layin da za a saka a ƙudurin, a rubuce. Kalma ɗaya da aka sauya a zaman kwamiti tana iya raba kamfani da harajin miliyoyi, ba tare da jarida ta ko lura ba. Bayan haka akwai liyafar tara kuɗin kamfe, wadda ba ta sayen ƙuri'a kai tsaye, amma tana sa a amsa waya idan ya kira.

Shi ya sa tsohon ɗan majalisa ya fi kowa tsada a kasuwar. Billy Tauzin, ɗan majalisar wakilai daga jihar Louisiana, yana shugabantar kwamitin makamashi da kasuwanci lokacin da aka zartar da dokar magungunan tsofaffi ta 2003, wadda ta hana gwamnati yin cinikin farashi da kamfanoni. A 2005 sai ga shi shugaban PhRMA, ƙungiyar kamfanonin magungunan. Sai a 2022 aka sassauta wancan hani ga wasu magunguna. Yanzu doka ta ce sanata ya jira shekara biyu bayan barin kujera kafin ya nemi tsofaffin abokansa da wannan aiki, ɗan majalisar wakilai kuma shekara ɗaya.

Wata doka ta 1995 ta wajabta wa masu kamun ƙafa rajista da bayyana mai biya da abin da aka biya. An ƙara tsaurara ta a 2007 bayan badaƙalar mai kamun ƙafa Jack Abramoff, wanda ya damfari ƙabilun 'yan asalin Amurka masu gidajen caca, ya kuma kai 'yan siyasa wasan golf a Scotland. Shi da ɗan majalisa Bob Ney duk sun sha ɗauri. Sai dai akwai ɓaraka: wanda kamun ƙafa bai cinye kashi 20 cikin 100 na lokacin da yake wa mai biyansa aiki ba, ba dole ya yi rajista ba. Da yawa sukan laƙaba wa kansu sunan mai ba da shawara su wuce abinsu.

Masu yi wa ƙasashen waje aiki suna ƙarƙashin wata doka ta daban, ta 1938, wadda aka kafa saboda farfagandar Jamus ta zamanin Hitler. Ta takardunta ne aka ga cewa a 2014, bayan sace ɗaliban Chibok, gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗauki kamfanin Levick na Washington domin ya gyara mata suna a can.