Layin Dogo na Qinghai zuwa Tibet

Layin dogo na Qinghai-Tibet hanyar jirgin ƙasa ce a yammacin ƙasar Sin, ta taso daga birnin Xining da ke lardin Qinghai ta ƙare a Lhasa babban birnin yankin Tibet, tsawonta kilomita 1,956. A duk duniya babu layin dogon da ya kai shi hawa sama, don a mashigar tsaunin Tanggula jirgin yana kaiwa mita 5,072 daga saman teku, tashar Tanggula ɗin kanta tana kan mita 5,068.

Kashi biyu aka yi aikin. Na farko daga Xining zuwa Golmud, kilomita 814, an buɗe shi a 1984, daga nan sai aiki ya tsaya cak shekara da shekaru, ba wai don an fasa ba, sai don abin da ke gaban Golmud ya fi ƙarfin injiniyoyin wancan lokacin. Sai ranar 29 ga Yuni 2001 aka kama kashi na biyu mai kilomita 1,142, aka gama shimfiɗa ƙarfen a Oktoba 2005, aka buɗe shi ranar 1 ga Yuli 2006 zamanin shugaba Hu Jintao. Kuɗin da ya ci wajen yuan biliyan 33 ne.

Matsalar ƙasar da ta daskare

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka duwatsu ne babbar matsala, amma gaskiya ƙasar da ake takawa ce. Wajen kilomita 550 na layin a kan ƙasa yake wadda cikinta ƙanƙara ce shekara da shekaru, da hunturu ta yi tauri kamar kankare har ta kumbura, da zafi ya shigo kuma sai samanta ya narke ya koma taɓo, duk abin da ka ɗora a kai sai ya lotsa. Injiniyoyi sun riga sun ga haka a titin motar da ke bin wannan hanya, baƙin kwalta yana zuƙar rana ya narkar da ƙanƙarar da ke ƙarƙashi, titi ya yi ta hawa da sauka. To mota za ta iya lallaɓawa a haka, jirgin ƙasa kam in dogo ya ɗan goce an gama.

Tun 1961 akwai tashar bincike a Fenghuoshan inda ake auna zafin ƙasar ana rubutawa, wato shekara 40 kenan kafin a fara aikin, kuma a ganina wannan haƙurin shi ne ginshiƙin komai. Abin da suka fahimta shi ne ƙanƙarar nan ba a yaƙarta, lallashinta ake yi ta zauna a daskare. Sai suka fito da dabaru. Akwai dogayen fayif na ƙarfe da aka kakkafa a gefen dogo, yawancin jikinsu a binne kan su a waje, a cikinsu an zuba ruwan amoniya an toshe. Da sanyi, lokacin da cikin ƙasa ya fi iskar waje ɗumi, amoniyan sai ya zama tururi ya hau sama da zafin, iska ta buge shi ya koma ruwa ya gangaro, haka yake ta yi ba wuta ba inji ba mai, kusan dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Da zafi ya zo kuma sai abin ya tsaya da kansa, zafin waje ba ya samun hanyar sauka. A wasu wuraren manyan fasassun duwatsu aka jibga a ƙarƙashin cikon ƙasar da aka ɗora dogon a kai, iska mai sanyi tana ratsa tsakaninsu, wasu wuraren kuma bututun kankare aka jera suka ratsa cikon daga wannan gefe zuwa wancan.

Inda ƙasar ta yi laushin da ba ta da magani sai kawai aka ɗaga layin sama a kan ginshiƙai masu zurfi. Shi ya sa za ka ga gada a filin Allah ba kogi ba kwari, irin gadar Qingshuihe mai kilomita 11.7. Gadojin da ke tsakanin Golmud da Lhasa 675 ne, in aka haɗa tsawonsu ya kai wajen kilomita 160. Ramin da aka fasa a dutsen Fenghuoshan kuwa mita 1,338 ne, a tsayin mita 4,905, shi ma cikin ƙanƙara aka haƙa shi.

Leburori da numfashi

Sama da kilomita 960 na layin ya haura mita 4,000, iskar da mutum ke shaƙa a can ba ta ƙosar da shi, ɗan tafiya kaɗan sai haki da ciwon kai balle a ce ɗaukar siminti. Dole aka kafa wuraren haɗa iskar oksijin da asibitoci a bakin hanya, masu haƙar rami suna aiki da tukunyar iska goye a baya, ana kuma sauko da ma'aikata ƙasa su huta. Hukumomin Sin sun ce babu ma'aikacin da ciwon tsauni ya kashe a aikin. Ana tsaka da aikin ma, ranar 14 ga Nuwamba 2001, girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.8 ta afka wa yankin tsaunukan Kunlun.

Jirgin ma ba irin wanda aka saba ba ne. Kan jirgin na dizal da aka fara amfani da shi kamfanin General Electric na Amurka ne ya ƙera, taragun fasinja kuma ana tura musu oksijin, kowace kujera da inda za ka jona robar hanci in numfashi ya yi maka wuya. A kan daskararriyar ƙasar gudunsa yana kaiwa kilomita 100 a awa.

Layin ya ratsa dajin Hoh Xil inda barewar Tibet ke ƙaura duk shekara don haihuwa, saboda haka aka bar wa namun daji mashigai 33.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Gwamnati tana nuna yadda kaya suka yi sauƙin kaiwa da yadda masu yawon buɗe ido suka ƙaru, su kuma 'yan Tibet da ke gudun hijira suna ƙorafin cewa layin zai kwararo baƙi 'yan ƙabilar Han, wadda ta fi rinjaye a Sin, ya kuma sauƙaƙa kwashe ma'adinai, kuma wannan damuwa ce da bai kamata a share ba. Daga baya an miƙa layin daga Lhasa zuwa Shigatse a 2014, sai na Nyingchi mai aiki da lantarki a 2021.

Abin da ke damun injiniyoyi yanzu shi ne tudun Tibet yana ɗumama fiye da yawancin sassan duniya, ƙanƙarar da aka ɗora dogon a kanta tana ja da baya a hankali, ga yashi da iska ke kwasowa yana cike ramukan da ke tsakanin duwatsun nan masu sanyaya ƙasa. Don haka har yau akwai na'urori a binne a gefen layin suna auna zafin ƙasa da lotsawarta, ma'aikatan gyara kuma suna bi suna ƙara tsakuwa suna daidaita dogon.