Idan za ka ja yaro a jiki, kada ka sake shi a tsakiyar hanya

A aikinmu na kula da lafiyar yara da matasa, idan aka kawo mana yaron da karatunsa ya ja baya ko ya koma shiru-shiru, mukan tambaye shi: "Idan abu ya dame ka, wa kake gaya wa?" Da yawa sai su sunkuyar da kai su ce, "Ba kowa." Ga iyaye, ga malamai, amma babu babba ko ɗaya da zai zauna da shi su biyu ya ji ta bakinsa ba tsawa.

Jagora shi ne wannan babban: mutum mai hankali da zai ware wa yaro ɗaya lokaci a kai a kai, ko da awa ɗaya ce a mako. Masaniyar halayyar ɗan Adam Emmy Werner ta yi shekaru tana bibiyar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawaii. Cikin waɗanda suka tashi a talauci da rikicin gida, kusan kashi ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, kuma akasarinsu sun sami wani babba da ya tsaya musu: kaka, yaya, malami ko maƙwabci.

Ƙungiyar Big Brothers Big Sisters ta Amurka, wadda ta samo asali a New York a 1904, aikinta ke nan, haɗa yaro da babba. Binciken da aka fitar a 1995 kan yara kusan dubu ya nuna cewa bayan wata 18, yiwuwar fara shan miyagun ƙwayoyi ta ragu da kashi 46 cikin ɗari ga masu jagora, fashin makaranta kuma ya ragu da kusan rabi.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina ya fi sauran muhimmanci. Da masu bincike Jean Grossman da Jean Rhodes suka sake duba bayanan wannan binciken a 2002, sun gano cewa yaran da suka yi shekara ko fiye da jagoransu su ne suka fi amfana. Waɗanda aka rabu da su kafin wata uku kuwa, har gara a ce ba a fara ba, domin ganin ƙimar kansu ya ragu. Yaron da manya suka saba yi masa alkawari su karya, idan kai ma ka ɓace, ba zai ce aiki ne ya yi maka yawa ba. Cewa zai yi, "Ni ne ba a so."

Saboda haka kafin ka ce "to" ga zama jagoran yaro, duba lokacinka. Makonnin farko ba daɗi, ka sani. Duk abin da ka tambaya amsar ita ce "lafiya" ko "ba komai". Gwada ka yake yi. Ajiye wayarka, rage nasiha, yara sun ƙoshi da ita. Idan ya kawo lissafin da ya kasa, kada ka karɓe biro daga hannunsa. Ce masa, "Nuna min yadda ka yi," sau da yawa yana cikin bayani zai ga inda ya kuskure. In ka ce Asabar ƙarfe huɗu, to ya gan ka ƙarfe huɗu. In uzuri ya taso, ko tafiya ta kama ka gaba ɗaya, gaya masa tun da wuri da bakinka.

Iyaye, ku ma da aikinku. Ku san mutumin, ku san inda suke zama, kuma ya kasance fili ne da idon jama'a. Duk wanda ya fara ba yaro kyauta a ɓoye, ko hira ta waya da tsakar dare, ko ya ce "kada ka gaya wa mamanka", a raba su nan take.

Jagora kuma ba likita ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan yaro ya daina cin abinci ko barci, ya ambaci cutar da kansa, ko ya ce wani yana taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba, gaya masa a hankali cewa wannan ba sirrin da za ka riƙe ba ne, sannan ka kai shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar.